Nutson da Ban Fiddo Komi Ba

Mijina mai nutso ne. A Malanville in jirgin albasa ya kife tsakanin ƙauyen Garou da gadar gulbi, ko babur ya zame daga gaɓa, ko yaro ya tafi wanka bai komo ba, ƙofarmu ake bugawa. Jandarma ma sun san gidan. Yakan ɗauki igiyarsa, ya biya ya kira wansa, su nufi gulbi. Wan shi ne mai riƙon igiya. Yana zaune cikin jirgi da bakin igiyar guda a hannunsa, gudan kuma a ƙugun mijina. In mijina ya ja sau ɗaya, lafiya. In ya ja da sauri-sauri, a jawo shi. Haka sunka yi tun ban shigo gidan ba, har furfura ta fito musu su duka.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne bai taɓa ganin komi a ƙarƙashin gulbi ba. Ruwanmu ja ne da damina, da rani kuma kalar kunu. In ka buɗe ido a ƙasa yashi ne zai cika shi, kuma ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Saboda haka rufe ido yake yi tun kansa bai shiga ba, ya bi ƙasa da hannu da yatsun ƙafa. Haka ubansu ya koya musu. Ni ma ɗiyar masunta ce daga Garou, na iya ruwa tun ban iya ɗaurin zane ba, kuma abin da anka koya mini ke nan: rufe ido, ki laluba.

Yakan ce hannunsa ya san bambancin buhun shinkafa da bayan mutum tun bai gama taɓawa ba. Ranar da ya fiddo buhu, yana komowa da dariya da yunwa. Ranar da ya fiddo mutum, bayan ɗaki yake zagayawa ya zauna, tuwo ya huce a rufe. Dangin mamacin sukan zo godiya, su yi masa addu'a mai yawa, amma na lura ba kowa ke miƙa masa hannu ba. Shi ma ya lura. Bai taɓa magana a kai ba.

Autanmu ne ya gaji ruwa. Ya tafi Kutonu yana aiki a jiragen bakin teku, daga can wani ya ɗauke shi zuwa wani tsibiri da sai an hau jirgin sama. Shekaru muna ce wa mutane kamun kifi yake yi, don mu ma abin da munka ɗauka ke nan. Sai wata rana da la'asar, muna zaune gindin dalbejiya ina gyaran kifin da zan banda, ya aiko da hoto mai motsi a waya.

Mijina ya kai wayar kusa da hancinsa. Ruwa ne shuɗi, ana ganin ƙasansa kamar babu ruwan. Mutane suna shawagi a ciki da tulun iska a baya, da gilashi a fuska, da wasu takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Kifaye rawaya suna wucewa gabansu ba gudu.

Ya ce, "Wanga fenti ne."

Ya kira yaron. Ina jin su, don ya buɗe muryar wayar.

"Kai Auta, waɗanga mutane mi sunka yar a ruwa?"

"Ba komi, Baba. Hutu sunka zo."

"To mi suke nema?"

"Kallo kawai. Ni nake shiga da su in nuna musu."

"Su shiga, su duba, su hito hannu wofi?"

"Har ma an hana a taɓa komi."

Mijina ya yi dariya har da tari. Ya ce lalle duniya akwai waɗanda ba su da aiki. Ya ba ni wayar, ya tafi masallaci. Amma da ya komo ya ce in sake kunna masa. Washegari ma haka. Ya kai ga ya san kifayen nan ɗaya-ɗaya, yana cewa ga mai ɗigo-ɗigon nan zai fito daga bayan dutse, kuma sai ya fito.

Wata safiya yana gyaran igiyarsa, bai dube ni ba, ya ce, "Kin san ban taɓa shiga ruwa ba tare da wani yana kuka a gaɓa ba? Ko mai kaya ko mai gawa. Ina son sau ɗaya in nutsa babu mai jirana da komi. In buɗe ido in ga inda na yi rayuwata."

Na ci gaba da aikina. Ba irin maganar da muke yi da juna ba ce. Amma na gaya wa Auta, shi kuma ya ɗauki abin da gaske. Ya sa anka yi wa ubansa fasfo, ya aiko masa da gilashin ruwa ta hannun wani direban Kutonu don ya saba da shi. Mijina ya gwada shi a tsakar gida, jikoki suna ta ihu. An sa tafiya bayan an kwashe albasa.

Bai kai ba. Ciwo ne na 'yan kwanaki, ya fara da kai, ya sauka gefen jikinsa. Mutumin da duk gari ke cewa wata rana ruwa zai riƙe shi, a kan tabarma ya cika, a busasshiyar ƙasa, ina riƙe da ƙafarsa. Allah ya jiƙansa. A nan zan tsaya game da wannan.

Da anka raba kayansa, wan ya ɗauki igiya, kuma daidai ne, hannunsa ya fi na kowa saninta. Riguna anka ba da sadaka. Gilashin ruwan nan kuwa ba wanda ya san abin da za a yi da shi. Wani ya ce a ba yara su yi wasa. Na miƙa hannu na ɗauka, na sa a ƙarƙashin katifa. Duk tsawon takaba yana nan.

Bayan na fita takaba Auta ya kira. Mun gaisa, sannan ya ce, "Inna, wurin Baba na tafiyar yana nan. Ban ba kowa ba."

Na ce, "To ka ba wani."

"Ke nake nufi."

Na ce masa ya daina wasa da tsohuwa. Na kashe wayar, na koma wurin banda. Ina juya kifi a kan ragar ƙarfe, hayaƙi yana shiga mini ido, sai na ga ina tunanin abu guda: a duk duniya mutum biyu ne sunka ji da kunnensu maganar da ya yi yana gyaran igiya, shi da ni. Shi ya tafi. In na zauna, maganar ta tafi ke nan, kamar ba a yi ta ba. Kafin kifin ya gama nuna na riga na yanke shawara.

Wan miji a wurinmu kamar uba yake. Tun da na shigo gidan ban taɓa zama kan kujera yana tsaye ba, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. Na sami wan mijina a zaure yana ɗinkin taru. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Bai ajiye allura ba. Ya ce, "Sake hwaɗi, ban ji ba."

Na sake.

"Ke za ki shiga ruwan teku."

"I, Yaya."

"Da wagga riga ta roba mai kama jiki, cikin baƙin maza, jiya-jiya kinka hita takaba."

"Auta ya ce akwai mai rufe jiki duka. Kuma shi zai riƙe ni."

"Mi kinka yar a can da za ki ɗauko?"

"Ba komi."

Sai ya ajiye tarun. Ya ce ruwa ba wurin wasa ba ne, yana da masu shi. Ya ce gidansu ba a taɓa shiga ruwa don nishaɗi ba, ana shiga ne don an rasa yadda za a yi, shi ya sa ruwa ya ƙyale su har yau. Ya ce na gulbi sun san mu, mun san su, na teku fa wa ya gabatar da ni gare su? Ya ce ƙanensa ma da ya rayu da sai ya hana shi. Daga nan muryarsa ta canza. Ya ce shekarun da ya yi yana zaune cikin jirgi, igiya a hannu, yana ƙirga numfashin wani da nasa numfashin, ba wanda ya san su sai shi da Allah. Bai saki igiyar nan ba ko sau ɗaya. Yanzu kuma in zo in ce masa abin kallo ne.

Na ji nauyin maganar, don gaskiya ce. Amma na ce, "Yaya, kai ka riƙe shi yana shiga. Ni na karɓe shi yana hitowa. Na san abin da yake kawowa gida wanda ba a gani a hannunsa. Abu ɗaya ya roƙa duk zamanmu, ba riga ba, ba babur ba. Ban zo neman izini ba. Na zo ne don kar ka ji a bakin kasuwa."

Ranar ce na fara kallon idonsa. Shi ya kau da kai.

Kasuwa kuwa ta ji kafin azahar. Maƙwabciyata a rumfa, mai sayar da busasshen barkono, tun daga nesa ta ɗaga murya: "Ga Hajiyar kifi nan! Mutane na tara kuɗin Makka, ita za ta gaida kifin rajiya da 'yan'uwanta."

Na ce, "In Allah ya kira ni Makka, ke zan bar wa rumfa. Wannan kuma ba ke kinka biya ba."

"To ki gaida mana su. Ki ce muna nan muna cin danginsu."

"Zan ce ke kin fi kowa, kuma ba ki biya da wuri."

Aka yi dariya. Irin wannan ba ta da zafi. Mai zafin ita ce wadda ba a yi a gabana ba: cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai, cewa ɗana ya zama bawan masu yawo tsirara yanzu zai ja uwarsa. Matan gidan wan mijina sun daina aiko mini da tuwon Juma'a. A wani taron suna a ƙauyen Madécali na zauna kan tabarma, mata biyu sunka tashi wai za su duba tukunya. Na ci abincina, na yi barka, na hau kabu-kabu na komo.

Auta ya ce in koyi numfashi ta baki, don a ƙasa hanci a rufe yake cikin gilashi. Sai na riƙa cika babban baho da ruwan famfo a tsakar gida, in sa gilashin mijina, in kama guntun tiyo a baki, in dulmiya fuska. Ƙofar gida a buɗe nake barinta. Duk mai son ya ga mahaukaciya ya leƙo ya gani da kyau, kar ya dogara da labarin wani.

Ana jibi tafiya na koma wurin wan mijina. Na ce ya ara mini igiyar, in tafi da ita, ko da ba za a ɗaura ba.

Ya ce, "Igiyar aiki ce. Ba ta zuwa yawo."

Na ce, "To." Na tashi. Bai yi mini addu'ar hanya ba, ni ma ban tsaya jira ba.

Ba zan cika ku da labarin mota zuwa Kutonu da jirgin sama ba. Na yi amai, na yi salati, na isa. Tsibirin kore ne shar, ga itatuwan kwakwa har bakin ruwa, ga baƙi jajaye kwance a yashi kamar kifin da anka shanya. Auta ya yi ƙiba kaɗan, ya yi kama da ubansa ta wajen kafaɗa, abin da ban shirya masa ba. Ya samo mini riga mai rufe hannu da ƙafa, da hular da ta rufe kai da wuya, na ɗora doguwar riga a kai. Ya koya mini alamun hannu a ruwa marar zurfi: wannan lafiya, wannan akwai matsala, wannan mu hau sama. Na ce masa ubansa da igiya guda yake faɗin duk wannan.

Da safe munka fita da ƙaramin jirgi, mu da wasu baƙi mata da miji masu yawan murmushi. Anka ɗora mini tulun iska, nauyinsa kamar goyon ɗan shekara uku. Na yi addu'ar da mijina ke yi kafin ya shiga. Auta ya kama hannuna na hagu, munka sauka a hankali.

Iskar tana zuwa, ina jin ƙararta a kunne. Ban ji tsoro ba. Jikina ya san ruwa. Na ji gwiwata ta taɓa yashi, na miƙa hannun dama ina share ƙasa daga gefe zuwa gefe, ina matsawa gaba kaɗan-kaɗan. Yashi, yashi, sai wani abu mai kaifi ya yanke ni a yatsa. Auta ya fizge hannun, ya riƙe duka biyun, na ji muna hawa.

Da kanmu ya fito ya cire abin bakinsa. "Inna! Idonki a rufe yake!"

Na ce, "A'a."

"Wallahi a rufe. Tun da munka shiga nake yi miki alama a gaban fuska. Kuma mi kike lalube?"

Ban san na rufe ba. A baho a gida ina buɗewa, don baho ba ruwa ba ne. Amma da jikina ya ji zurfi na gaske, sai ya yi abin da anka koya masa a Garou. Na ƙetare ƙasashe, na ɓata da dangin mijina, na zo inda ake ganin allura a ƙasan ruwa, na rufe ido ina neman gawar da babu.

Auta ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Baba ma haka zai yi."

Na ce, "Shi da ya fi ni. Da yanzu ya fiddo musu dutse guda ya ce a biya shi."

Ruwa yana ɗaga mu yana saukewa. Ya ce in na gaji mu koma jirgi, gobe ma rana ce. Na ce ban zo don gobe ba. Na ce ya riƙe mini hannu ɗaya kawai, ɗayan zan sa a hammata in danne, don kar ya sake tafiya aikinsa.

Munka koma. Wannan karon tun daga sama na riƙe idona da ƙarfi, kamar yadda ake riƙe ƙofa iska na turawa.

Akwai haske a ƙasa. Wannan ne abu na fari, kuma shi ya fi tsaya mini. Rana tana saukowa har yashi, tana rawa a kansa. Abin da ya yanke ni wani dutse ne mai rassa kamar busasshiyar ƙaya, Auta ya riga ya gaya mini mai rai ne. Kifaye ƙanana shuɗɗa suna shiga cikinsa suna fita. Rawayan nan na cikin waya sun zo garke guda, sunka rabu biyu a gabana sunka haɗe a bayana. Duk rayuwata kifi nake sha'ani da shi, na fasa cikinsa, na banda shi, na sayar, amma ban taɓa ganin kifi yana harkar gabansa ba. Wani kunkurun ruwa ya wuce can gefe, bai ko kula mu ba. Na nemi mai ɗigo-ɗigon da mijina ya sani. Ban gan shi ba. Na ga wani mai kama da shi, na ce a raina ya isa.

Sannan na ɗaga kai. Ga gindin jirginmu a sama, baƙi, yana lilo, haske kewaye da shi. Babu igiya tsakanina da shi. Ba wanda ke zaune yana ƙirga numfashina, ba wanda ke tsaye a gaɓa da hannu a ka. Na daɗe ina kallon wannan fiye da yadda na kalli kifayen, har Auta ya matsa mini hannu yana tambaya da alama. Na yi masa alamar lafiya.

Na komo Malanville da tabo a yatsa da gilashin mijina a jaka. Mai barkono ta rungume ni tana cewa na yi warin gishiri. Da na huta na tafi gaida wan mijina, don gaisuwa hakkinsa ce ko yana fushi. Yana zaure, igiyar tana rataye a ƙusa bayan kansa. Na durƙusa. Ya amsa a taƙaice. Akwai maza biyu zaune tare da shi, don haka ya ɗaga murya yadda za su ji.

"To, mai nutso. Mi kinka fiddo?"

Tambayar da ake yi wa mijina ke nan duk ranar da ya fito, tun yana saurayi. Na ce, "Ba komi, Yaya. Na bar komi inda na same shi."

Ɗaya daga cikin mazan ya yi dariya. Wan mijina bai yi ba. Na yi sallama na tashi. Na kai bakin ƙofa ina neman takalmina sai na ji ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba don mazan ba.

"Da gaske ana gani?"

Na ce, "Ana gani. Har gindin jirgi ana gani daga ƙasa."

Na sa takalmina na tafi. Har yau matan gidansa ba su komo da tuwon Juma'a ba, ni ma ban aika tambaya ba. Gilashin na rataye shi a ƙusa cikin ɗakina, inda duk mai shigowa zai gan shi.